Amsar Hajiya Nas ga shugaban makaranta a kan yarinyar da ba ta cin gyaɗa

Assalamu alaikum wa rahmatullah, jama'ar wannan zaure, barkanmu da dare. Ranka ya daɗe shugaban makaranta, na saurari saƙonka tun bayan la'asar, inda kake tambaya ko ya wadatar a sayi Piriton da allurar haidrokotizon a zuba a akwatin taimakon gaggawa saboda sabuwar ɗalibar da iyayenta suka ce gyaɗa ba ta karɓe ta ba, ko kuwa sai an kashe kuɗi an horar da ma'aikata. Na ga har mutum uku sun amsa maka da cewa Piriton ya isa, shi ya sa na ce ba zan kwanta ba sai na yi magana. A fahimtata, tambayarka ba ta sayayya ba ce. Abin da ke damunka shi ne ranar da yarinyar nan za ta yanke jiki ta faɗi a ɗakin cin abinci alhali kana taro a ma'aikatar ilimi, wane ne zai san abin da ya same ta, kuma minti nawa zai ɗauka kafin a yi mata abin da ya kamata.

Borin jini da muka saba gani, wanda jiki ke yin ruɗu-ruɗu yaro yana ta susa, shi ne Piriton ke kwantarwa, kuma ba ni da ja a kan haka. Wanda likitoci ke kira anafilaksis kuwa wani abu ne dabam, domin jiki ne gaba ɗaya ke tayar wa abincin ko dafin ko maganin da ya shiga cikinsa, sai maƙogwaro ya kumbura, hanyoyin iska a huhu su tsuke, jijiyoyin jini su saki har jini ya kasa isa ƙwaƙwalwa yadda ya kamata. Yakan faru cikin 'yan mintoci bayan cin abin. Alamomin da nake so kowane ma'aikaci ya haddace su ne kumburin leɓe ko harshe, dushewar murya, tari da ya ƙi tsayawa, numfashi mai fito, wahalar haɗiyar yawu, jiri, da suma. Idan aka ga ko da ɗaya daga cikin na numfashi ko na suma bayan yaro ya ci abin da aka san jikinsa ba ya so, ko bayan zuma ko rina ta harbe shi, to ba a jiran sauran. Littattafan da aka koyar da mu da su suna cewa fata za ta yi ja, amma a fatar 'ya'yanmu ba kasafai ake ganin jan ba, sai dai ka shafa ka ji tudun kumburin, kuma akwai yaran da fatarsu ba za ta nuna komai ba sam. Mai cutar asma ya fi kowa shiga haɗari, domin za a ɗauka asmarsa ce ta tashi, a tsaya ana ta fesa masa magani a baki.

Maganin farko ɗaya ne, adrenalin, kuma a tsokar gefen cinya ta waje ake yin ta, a tsakiya, ko ta saman tufa ce. Ƙwayar Piriton sai ta yi rabin awa ko fiye kafin ta fara aiki, ba ta buɗe maƙogwaro, ba ta ɗaga jinin da ya faɗi, ga shi wanda ya kasa haɗiyar yawunsa ba zai haɗiyi ƙwaya ba. Haidrokotizon kuwa aikinsa na awowi ne, har ma majalisar da ke tsara ka'idojin farfaɗo da marasa lafiya a Birtaniya ta cire shi daga matakan farko a ka'idarta ta 2021. Ma'aunin da ka'idar ta bayar, daga 'yar kwalbar nan mai miligiram 1 a cikin mililita (mil) 1, shi ne mil 0.5 ga wanda ya haura shekara 12, mil 0.3 ga ɗan shekara 6 zuwa 12, mil 0.15 ga ɗan wata 6 zuwa shekara 6, kuma idan minti 5 ta wuce babu sauƙi a sake. Kada wani ya fahimce ni a baibai, ban ce a miƙa wa malamin lissafi kwalba da sirinji ba. Zuƙo allura daga kwalba aikin nas ne ko ma'aikacin lafiya. Wadda kowa zai iya koya ita ce allurar nan mai kama da biro, irin EpiPen, da ake zare murfin shuɗin a danna ɓangaren ruwan lemon a cinya. Ita kuma a nan ƙasar tana da wuyar samu, ga tsada, don haka idan iyayen suna da halin samowa su kawo guda 2, idan ba su da shi to dole makaranta ta kasance da ma'aikacin lafiya da kwalaben adrenalin bisa rubutun likita. Kwalaben ba baƙin abu ba ne, duk tawagar rigakafi da ta shigo makarantunku, har waɗanda suka zo yi wa 'yan mata allurar kansar bakin mahaifa tun daga Oktoban 2023, ka'ida ce su riƙo su a jakarsu.

Abin da ya sa nake ɗaga murya a kan wannan, na gani da idona lokacin da nake aiki a wata makarantar kwana ta 'yan mata. Daren wata Alhamis, a'a, Laraba ce, domin ranar Laraba ake tuwon shinkafa da miyar taushe, wata yarinya 'yar aji biyu ta ci loma kaɗan ta ce wuyanta na mata ƙaiƙayi. Kafin a kira ni daga gidana da ke bayan masallaci an yi kusan minti 15, saboda an fara cewa iska ce ta taɓa ta, kun san yadda abin yake a makarantun mata. Wata ta kawo manja, wata ta kawo madara wai ko guba ta ci, suna ƙoƙarin ɗura wa yarinyar da ko numfashi ba ta iya ja. Ban hana addu'a ba, ni ma da ita a bakina na iso, amma ana iya yin addu'a hannu yana aiki. Da na zo na tarar manyan ɗalibai biyu sun kama ta sun tsayar, suna jan ta a ƙafa zuwa ɗakin shan magani, leɓenta na ƙasa ya yi suntum, muryarta kamar ta tsohuwa. Na ce su kwantar da ita nan take a kan siminti, na sa aka ɗora ƙafafunta a kan benci. Na ruga ɗakin magani, sai ga kwaɗo a jikin kabad. Mabuɗin yana aljihun mai kula da sito, shi kuma ya tafi gidansa a cikin gari tun ƙarfe huɗu, domin an yi doka cewa duk magani na allura a hannunsa zai zauna, wai don kada a sace. Taɓarya na aika aka ɗauko daga kicin, da ita na fasa kwaɗon. Allura biyu na yi mata kafin numfashinta ya daidaita, Allah cikin ikonsa ya tashi kafaɗunta.

Washegari, maimakon a tambaye ni yadda za a gyara, takardar tuhuma aka miƙo mini cewa na lalata kayan makaranta, kuma a ƙarshen wata aka cire kuɗin kwaɗo da na kafinta daga albashina. Har yau takardar tana cikin akwatina. Na rubuta amsa shafi biyu na bayyana cewa maganin gaggawa ba a kulle shi, babu wanda ya karanta, sai dai aka sayo sabon kwaɗo wanda ya fi na farko ƙarfi, aka sake ba mutumin nan mabuɗin. Wai adrenalin za a sace, allurar da ko kyauta ka ba ɓarawo bai san abin da zai yi da ita ba. Shekara biyu na ƙara a wurin ina ɓoye kwalabe uku a cikin gwangwanin shayi a ɗakina kamar mai laifi. To, bari in bar wannan, ba don shi aka tambaye ni ba, amma ranka ya daɗe ka duba mini wanda ke riƙe da mabuɗin kabad ɗinku.

Maganar kwantarwar nan kada a ɗauke ta ƙarama. Wanda jininsa ya faɗi, idan aka tsayar da shi ko aka zaunar da shi farat ɗaya, jini na iya kasa komawa zuciya, kuma an sha rasa rayuka ta haka. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafu. Idan numfashi ne ya fi tsananta a bar shi ya zauna da ƙafafu a miƙe, idan ya suma amma yana numfashi a juya shi ta gefe, kuma ko ya ce ya ji sauƙi ba zai taka da ƙafarsa zuwa mota ba, ɗaukarsa za a yi.

Waɗanda suka riga mu tsara wannan ma sai da suka yi rashi. A lardin Ontariyo na Kanada wata yarinya 'yar shekara 13 mai suna Sabrina ta rasu a 2003 bayan ta ci abinci a makarantarsu, daga nan aka yi dokar da ke ɗauke da sunanta, wadda ta fara aiki a Janairun 2006, ta wajabta wa hukumomin makarantu horar da ma'aikata a kai a kai da ajiye tsari na musamman ga kowane ɗalibi mai wannan lalura. A yammacin Landan kuma, a 2017, wani yaro ɗan shekara 13 da jikinsa ba ya karɓar madara ya rasu bayan wani ɗalibi ya jefe shi da cuku, kuma bincike ya nuna allurarsa da ke ajiye a makaranta wa'adinta ya riga ya wuce. Daga 1 ga Oktoban 2017 aka ba makarantun Ingila damar sayen allurar adrenalin ta ko-ta-kwana ba tare da takardar likita ba. Na kawo na Landan ne saboda yara su ma suna buƙatar a zaunar da su a gaya musu cewa tsokanar yarinyar nan da ƙuliƙuli ba wasa ba ne.

Horon da nake nufi ba na zama a ɗakin taro a raba lemo da takardar shaida ba ne. A tara kowa, malamai, masu dafa abinci, uwar ɗakin kwana, maigadi, direba, har malamin Islamiyya na yamma, domin abin ba ya zaɓar lokacin da shugaba ke nan. Awa biyu ta isa a karon farko. A sa wani ya kwanta a filin wasa a matsayin mara lafiya, a riƙe agogo, a ga minti nawa za a yi kafin allura ta iso hannun mai yin ta. Kowa ya san nasa, wannan ya tsaya da yaro, wannan ya ɗauko magani, wannan ya kira lambar gaggawa ta 112 da iyaye, wannan ya rubuta lokacin da aka yi allura. Ni dai ba na dogara da zuwan motar asibiti, don haka motar makaranta ta kwana da mai, a kuma riƙe lambar wani mai Keke Napep na kusa. A maimaita duk zangon karatu, na ce duk shekara a wani wuri a baya, amma yadda malamai ke sauya wurin aiki yanzu shekara ta yi nisa.

Masu kicin su ne na fi so a daɗe da su. A nan gyaɗa tana ko'ina, tana cikin yajin tsire, tana cikin kunu, tana cikin miyar taushe da kwaɗon zogale, ga man gyaɗa na gida da ake suya da shi. Ludayin da aka juya miya mai gyaɗa da shi idan aka tsoma a tukunyar yarinyar nan ya isa ya jawo abin. Haka masu tallan awara da kantu a bakin ƙofa, tunda waken suya da riɗi su ma suna cikin abubuwan da ke tayar wa wasu yaran. A manna kati mai hotonta da abin da ba ta ci a kicin da ofishin malamai, da izinin iyayenta.

Adrenalin ɗin a ajiye ta inda babu hasken rana, ba a cikin mota ba, musamman a zafin Maris da Afrilu, a riƙa duba wa'adinta duk farkon wata, kuma idan ruwan ya sauya launi ko ya yi gurɓi a canza. Bayan allura dole a kai yaro asibiti ko ya miƙe yana dariya, saboda abin kan iya dawowa bayan awowi ba tare da ya sake cin komai ba.

Ranka ya daɗe, ka roƙi iyayen su kawo takardar likitan da ya duba ta kafin Litinin, mu ga ko gyaɗa ce kaɗai. Ina da allurar gwaji guda ɗaya marar tsini kuma marar magani, zan zo da ita ranar Asabar da ƙarfe goma in Allah ya kai mu, a tabbatar masu dafa abinci da mai riƙe da mabuɗi suna nan. Wassalamu alaikum.