Kafin Baba ya sayar da gonar hanyar Shika

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce wata jami'a a Ingila ta ba ka gurbin digiri na biyu cikin mako biyu, har da ragin fam 2,000, kuma Baba na tunanin sayar da gona a cika sauran. Kana tambaya ko saurin nan shaida ce cewa sun ga ƙwazonka. Ƙwazo kam kana da shi, na sani tun kana Samaru, amma saurin daga wani wuri ya fito.

Ka fara sanin inda jami'o'in nan ke samun abin sakawa a baki. ABU, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, gwamnatin tarayya ce ke biyan malamanta albashi, TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, na yi mata gine-gine. A Ingila tun 2012 gwamnati ta janye mafi yawan kuɗin koyarwa ta ɗora wa ɗalibai, ɗan ƙasa ya ci bashin gwamnati ya biya. Sai dai an ƙayyade abin da za a karɓa a hannunsa a digirin farko: fam 9,000 a shekara, ya koma 9,250 a 2017, ya tsaya cak har 2025 da aka kai shi 9,535. Duk tsawon lokacin nan kaya na tsada, albashi na hawa. Baƙo kuwa ba a sa wa kuɗinsa iyaka ba. Da aljihun ɗan China, ɗan Indiya da ɗan Najeriya ake toshe giɓin, har da na bincike. Wannan abu yana ci mini rai, don na ga iyayen da ba su taɓa shiga jirgi ba suna riƙe da jami'ar Turawa da kuɗin masara.

Kuma jami'o'in ba ɗaya ba ne. Akwai manya 24 da ake kira Russell Group, irin su Oxford da Manchester. Akwai waɗanda da foliteknik ne, a 1992 aka mai da su jami'o'i. Wasunsu na koyarwa da kyau ƙwarai, amma da yawa sun dogara ga dillalai. Wanda ya cika maka fom kyauta la'adarsa na cikin kuɗin da za ka biya, ragin da aka yi maka ma dabarar ciniki ce.

Bayan kuɗin makaranta akwai biza, kuɗin asibiti fam 776 a shekara, ga haya. Aiki awa 20 kawai aka yarda ka yi a mako lokacin karatu, da ƙyar yake riƙe ɗaki da abinci. Tun Janairun 2024 mai digiri na biyu na aji, wato wanda ba na bincike ba, ba ya zuwa da iyali. Da naira ta faɗi a 2023, na zauna da yaran da kuɗin da suka tanada ya kasa kai rabin zango na biyu, aka rufe musu shiga karatu.

Ba hana ka nake yi ba. Ka nemi tallafin karatu na Commonwealth, na ƙasashen rainon Ingila, ka duba na PTDF, asusun gwamnatin Najeriya na bunƙasa fasahar man fetur, tunda injiniya ka karanta, Chevening na gwamnatin Birtaniya kuma sai ka yi aikin shekara biyu kafin ka nema. Ko an ƙi ka bana, ka sake nema baɗi, gonar tana nan tana ciyar da gida.

Turo mini takardar da suka ba ka in karanta sharuɗɗan mayar da kuɗi. Ka gaida Baba, ka ce zan kira shi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.