Baƙin tabarau ko garkuwar fuska: me za a saya wa yaran shagon walda?

Tambaya: Ina da shagon walda da yara uku. Baƙin tabarau na kasuwa suke sawa, amma kusan duk mako sai ɗaya ya kwana yana hawaye, ido kamar an watsa masa yashi. Garkuwa mai yin duhu da kanta kuma da tsada. Me zan saya?

Amsa: Maigida, wutar walda ce ke ƙona fatar ƙwayar idonsu. Ciwon ba ya tashi nan take, sai bayan awa 6 zuwa 12, shi ya sa yaro ke tashi aiki lafiya ƙalau, tsakar dare ya kasa buɗe ido. Tabarau bai kai duhun da ake bukata ba, hasken kuma ta gefe yake kutsowa.

Lambar duhun gilashin garkuwa za ka duba. Sandar walda geji 12 ko geji 10, gilashi mai lamba 10 ko 11 ya wadatar. Aiki mai kauri da ƙarfin wutar injin ya haura amfiya 160, a koma gilashi mai lamba 12. Garkuwar hannu mai araha da gilashin ƙwarai ta fi mai duhu da kanta ta jabu nesa ba kusa ba. Ka haɗa da farin gilashin da ake ɗorawa a gaba, shi tartsatsi zai ci, ka riƙa sauya shi. In ka nace sai mai duhu da kanta, nemi wadda ake murɗawa daga 9 zuwa 13, mai hatimin EN 379 ko ANSI Z87.1.

Kowa da tasa, har yaron da ke riƙe ƙarfe, don shi ma yana shan hasken.

Ido in ya kamu, a sa tsumma mai sanyi a zauna a duhu, yakan lafa cikin kwana ɗaya ko biyu. Ban da ɗiga madara ko ruwan albasa. In ya wuce haka, ko ɓarɓashin ƙarfe ne ya faɗa, sai asibitin ido, kada a sa tsinke.

Tambaya: Da gaske shan madara na wanke hayaƙin walda?

Amsa: A'a. Madara ciki take zuwa, hayaƙi huhu. Ƙarfe mai rufin tutiya ma zazzaɓi da ciwon jiki yake sawa da dare. A kankare rufin kafin a ɗana wuta, a yi aikin inda iska ke wucewa, a sa takunkumi mai lamba N95 ko FFP2 a ƙarƙashin garkuwa. Shuɗin nan na asibiti ba ya tare wannan hayaƙi.