Me ya sa labarin aiki bai zo daga abokaina na kusa ba?

Tambaya: Malam, shekara biyu ina neman aiki, amma a majalisarmu ba wanda ya taɓa kawo min labarin gurbi. Sai wani ɗan ajinmu, wanda rabona da shi tun muna sakandare, ya tsegunta min a wajen ɗaurin aure. Dace ne kawai, ko da dalili?

Amsa: Rabo na Allah ne, amma da sababi. Dubi majalisar taku da kyau. Kullum bayan isha'i tabarma ɗaya, mai shayi ɗaya, fuskoki ɗaya. Abin da abokinka ya ji kai ma ka ji, wataƙila ma a bakin mutum guda. Kada ka zarge su da rowa, babu ce ta hana su. Shi kuwa ɗan ajin naku, ƙafarsa na taka inda taka ba ta zuwa.

Wani masanin zamantakewa Ba'amurke, Mark Granovetter, ya fito da wannan fili a 1973, bayan ya bi ma'aikata a garin Newton kusa da Boston yana tambayar yadda suka samu aiki. Cikin waɗanda suka samu ta hanyar wani, kimanin kashi 17 cikin 100 ne kaɗai ke yawan haɗuwa da mutumin. Sauran duk jefi-jefi ne, wasu ma sai a shekara ba a gamu ba. A 2022 aka wallafa wani bincike kan mutum miliyan 20 a LinkedIn, shafin intanet na ma'aikata da masu neman aiki, ya ƙara wani abu da ni na fi gamsuwa da shi: sanin tsaka-tsaki ya fi amfani. Wato wanda bai kai amini ba, amma ya wuce sanin shanu.

Sai dai fa jin abu daban, aikata shi daban. Labarin gurbi bakin mutum ɗaya ya isa ya kawo shi. Abin da zai ci maka kuɗi ko ya jawo maka surutu kuwa, sai ka ga na jikinka sun yi. Binciken wasu masana biyu, Ryan da Gross, na 1943 kan manoman jihar Iowa ta Amurka ya nuna haka. Akasari a bakin dillalai suka fara jin labarin ingantaccen irin masara, amma maganar maƙwabta ce ta fi sa su shuka, bayan shekaru ana kallo. Ko da suka tashi shukawar ma, da yawansu ɗan gefen gona suka fara warewa don gwaji.