Tambayarku, Amsarmu: Ina zargin mai shagon layinmu, maigida ya ce in kama bakina

TAMBAYA: Anti, assalamu alaikum. Akwai 'yar maƙwabtanmu mai tallar gyaɗa, ba ta wuce shekara 10 ba. Wani mai shago a layinmu kullum sai ya saye kayanta duka, ya ce ta shiga ciki ta karɓi kuɗi, kuma takan jima ba ta fito ba. Kwanan nan ta daina wasa da yara, in aka yi mata magana sai ta sunkuyar da kai. Na gaya wa maigida, ya ce ba ruwana, mutumin dattijo ne ɗan sahun gaba, kada in ɗauki alhakin ƙazafi. Hankalina ya ƙi kwanciya. Yaya zan yi?
Wata uwa, Kano

AMSA: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya saka miki da alheri da kika sa ido.

Gaskiyar maigidanki, ƙazafi babban zunubi ne. Amma ba wanda ya ce ki fita layi ki kira mutum mai fyaɗe. Tsakanin yin shiru da ƙazafi akwai abubuwa da yawa da za ki iya yi ba tare da kin ambaci laifin kowa ba. Gobe in kin ga ya kira ta, yafa mayafinki ki je sayen magi. Ki tsaya nan, ki ce, "Malam, miƙo mata kuɗinta mana, uwarta na jira." Ki kama hannunta ku taho tare. In babu komai a ransa, ba ki ɓata masa komai ba. In kuwa akwai, ya san an gan shi, kuma irin waɗannan mutane ba abin da suke dogara da shi kamar tabbacin cewa kowa zai kau da kai.

Daga nan sai uwar yarinyar. Ki same ta ita kaɗai, ba gaban kishiya ko baƙi ba, ki faɗi abin da idonki ya gani kawai. Ki roƙe ta, don Allah, kada ta daki yarinyar. A nan muke yin babbar ɓarna: yarinya ta buɗe baki da ƙyar, sai a tarbe ta da mari da "me ya kai ki?" Yarinyar da aka ɗora wa tire aka ce kada ta dawo da saura, ita za a tambaya me ya kai ta? Daga ranar ba za ta ƙara faɗa ba. A lallashe ta, a ce mata ba laifinta ba ne.

Idan ta ce an taɓa ta, asibiti ne farko, kafin mai unguwa, kafin kowa. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau yana aiki ne in an fara shi cikin awa 72. In abin bai daɗe ba, kada a wanke kayan jikinta, shaida ne. A Kano akwai cibiyar Waraka, an kafa ta ne don irin wannan. Sai a kai rahoto ga 'yan sanda ko hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane.

Za a taso muku da maganar sasanci, na sani. Za a ce a rufa asiri don yarinya ta samu mijin aure, a bar shi da Allah. Ni dai a ganina asirin namijin ake rufawa, ita kuwa a bar ta da ciwo, shi ya koma shagonsa ya jira wata mai tallar. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi da UNICEF a 2014 ya nuna yarinya 1 cikin 4, da yaro 1 cikin 10, suna fuskantar cin zarafi irin wannan kafin su kai shekara 18, kuma galibi daga wanda suka sani ne. A 2020 gwamnoni sun ayyana dokar ta-ɓaci kan fyaɗe, Kaduna ma ta yi dokar dandaƙa ga wanda ya yi wa yaron da bai kai shekara 14 ba fyaɗe. Duk da haka alƙali ba ya ganin cikin shago. Maƙwabta ke gani.

Shi kuma maigida, kada ki yi jayayya da shi, ki nemi taimakonsa. Ki tuna masa hadisin da Muslim ya ruwaito, cewa wanda ya ga abin ƙi ya gyara da hannunsa, in bai iya ba da harshensa. Maza 'yan majalisar bakin layi sun fi mu ganin masu shiga da fita. Ya isa ya ce a cikinsu, daga yau 'yan talla a bakin ƙofa za a sallame su, ba shiga shago, ba shiga soro ko kango.

Abu biyu nake roƙonki ki guje wa: tara matasa su ɗauki doka a hannu, da sa maganar a Facebook ko WhatsApp, don sunan yarinyar ne zai fi yawo.

In uwar ta ƙi saurarenki, kuma kika ga abin bai tsaya ba, kina da damar kai rahoto da kanki ga NAPTIP ko ma'aikatar mata ta jiha, ki kuma nemi a sakaya sunanki.