Dalilin da ya sa kan jirgi mai tururi ke ja da baya a layukan yawon buɗe ido

Yarona, ka ce ka ga a Ingila mutane sun biya kuɗi don su hau jirgin ƙasa mai tururi, sai aka ɗauro musu kan jirgi mai dizal, kana tambaya ko injinan ne suka tsufa suka mutu. Ƙarfen injin bai cika mutuwa ba. Ƙafafu da sandunan da ke juya su suna iya shekara ɗari suna aiki in ana kula da su. Matsalar tana cikin tukunyar da ke dafa ruwa ya zama tururi, wato ɓangaren da ni da kai muke cin abinci da gyaransa.

Hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya ta sallami tururi a watan Agustan 1968. Masu sha'awa ne suka tattara abin da ya rage, wasu injinan ma daga wani filin 'yan gwangwan da ke Barry a Wales aka ceto su, sama da 200. Layin Talyllyn, wanda 'yan sa kai suka karɓa a 1951, shi ya buɗe wannan hanya ta raya tsofaffin layuka. To ka lissafa, yawancin tukwanen nan sun haura shekara saba'in wuta tana cinsu.

A can, duk shekara goma sai an ciro tukunyar daga jikin injin, a tuɓe ta, a zare bututun hayaƙi, a bi ƙusoshin da ke riƙe da akwatin wuta ɗaya bayan ɗaya da guduma ana sauraron ƙararsu. Wadda ta karye ba ta amsawa kamar 'yan uwanta. Akwatin wutar da yawa daga cikinsu na jan ƙarfe ne, ka kuwa san tsadarsa. Bayan gyara a cika ta da ruwa a matse fiye da ƙarfin da take aiki da shi, sannan a gwada da tururi a gaban mai duba. In bai sa hannu ba, ba wuta. Gyaran shahararren injin nan Flying Scotsman, da aka kammala a 2016, ya ci sama da fam miliyan 4. Ƙaramin layi da ke rayuwa da kuɗin tikiti da gudummawa, in wa'adin injinsa ya cika, sai ya tura shi rumfa ya jira. Ni kuwa ina bayan wannan doka ɗari bisa ɗari. Tukunya mai tsaga da ke jan taragu cike da yara ba abin a lallaɓa ba ce, kuma kada ka taɓa yarda wani ya sa ka rufe tsaga da walda a sama don a fita aiki.

Sai kwal. Wanda injinan suka fi so shi ne na kudancin Wales, mai zafi, mai ƙarancin hayaƙi. Mahaƙar Ffos-y-fran da ke kusa da Merthyr Tydfil, inda layuka da dama suke saye, an rufe ta a ƙarshen 2023. Kafin nan yaƙin Yukren na 2022 ya toshe na Rasha, farashi ya yi tashin gwauron zabi. Yanzu sai a yi odarsa daga ƙasashe masu nisa, wani ya zo da toka mai narkewa ta daskare ta toshe ragar murhu, mai iza wuta yana ta shebur amma tururi ya ƙi tashi. Mu nan abin ya zo mana a juye ne: kwal na nan a Inugu, amma da jiragenmu suka koma dizal, mahaƙun suka rasa babban mai saye.

Akwai kuma gobara. Bututun hayaƙi yana feso tartsatsi, in ciyawa ta bushe a gefen dogo shi ke nan. Shi ya sa layin North Yorkshire Moors kan koma dizal a lokacin fari. A Amurka, bayan gobarar dajin 2018 a jihar Kolorado, layin Durango zuwa Silverton ya amince ya biya gwamnati dala miliyan 20, ya kuma mayar da injinansa suna ƙona mai. Layin Grand Canyon ma man girki da aka gama suya da shi yake ƙonawa. Ban ga laifin ko ɗaya ba, tururin dai shi ne, kuma daji ya tsira.

Ka ƙara da wahalar tayarwa. Dizal ka murza ya tashi. Tukunya mai sanyi sai an hura mata ƙaramar wuta tun jiya, ta ɗumama a hankali kamar sabuwar tukunyar ƙasa, don in ka gaggauta, ƙarfe zai buɗe ba daidai ba, bututu su fara yoyo.

Abin da ya fi damuna shi ne hannu. Dattawan da suka koyi sana'ar tun kafin 1968 sun kusa ƙarewa, kuma dasa ƙusa da zafinta ko lanƙwasa farantin jan ƙarfe sai a gefen mai yi ake koyonsa. An dai ƙera sabon inji ɗungurungum mai suna Tornado a Darlington a 2008, saboda haka ilimin bai ɓace ba tukuna. A ganina tururi ba zai ƙare a layukan nan ba, amma injinan da ke da wuta a ciki za su ragu, za a riƙa fito da su ranakun hutu da bukukuwa, tikitinsu kuma zai ƙara tsada.