Makaɗin piyano zai iya shiga fim bai zubar da kiɗansa ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗiyata ta yi shekara 12 tana koyon piyano, irin kiɗan su Chopin da Beethoven, yanzu shekarunta 20. An yi mata tayin fitowa a wani fim, amma malaminta ya ce taura biyu ba ta taunuwa. Shin akwai wanda ya taɓa haɗa biyun ya ci nasara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Akwai su, sai dai ba su da yawa, kuma kusan dukkansu daga piyano suka tsallaka zuwa fim. Da wuya ki ji wanda ya yi akasin haka. Dalili kuwa shi ne yatsu tun suna ɗanye ake tanƙwara su. Mutum yana iya fara wasan kwaikwayo da furfurarsa ya yi suna, amma wanda zai zauna gaban maɓallai 88 ya kaɗa abin da Chopin ya rubuta, da ka, na tsawon awa guda, sai ya faro tun ƙuruciya. Ke nan ɗiyarki ta riga ta mallaki mai wuyar.

Ɗauki Oscar Levant, Ba'amurke, aminin mawallafin kiɗa George Gershwin. A zamaninsa yana cikin makaɗan da aka fi rububin zuwa saurare a Amurka, ga shi kuma ya fito a finafinan An American in Paris na 1951 da The Band Wagon na 1953. Amma ki lura da irin rawar da ake ba shi: makaɗi ne, abokin jarumi, mai baƙar magana. Wato kusan kansa yake kwaikwayo. Haka José Iturbi, ɗan Sifaniya, wanda kamfanin MGM ya riƙa sa shi a finafinai a shekarun 1940 da sunansa na gaskiya. Fim ya kai shi gidajen da ba su taɓa jin sunansa ba, amma masu sharhin kiɗa da dama suka fara yi masa kallon ɗan nishaɗi kawai. Ina jin wannan ne abin da malamin yake tsoro, kuma tsoronsa yana da tushe, ko da yake raina ɗan fim da ake yi a wancan lokaci ya ragu sosai yanzu.

Dudley Moore na Ingila shi fim ne ya rinjaye shi. Da kiɗa ya sami gurbin karatu a Oxford, amma duniya da fim ɗin Arthur na 1981 ta san shi, har aka sa shi cikin masu takarar Oscar. Bai bar piyano ba, domin a 1991 ya gabatar da shirin talabijin kan kiɗa tare da jagoran makaɗa Georg Solti, sai dai kiɗan ya koma sana'a ta biyu.

Ainihin rikicin a lokaci yake. Makaɗi yana buƙatar bita ta awoyi kowace rana, kuma manyan zaurukan kiɗa sukan tsayar da ranar wasa tun shekara guda ko fiye kafin lokacin. Ɗaukar fim kuwa yini ake yi cur, yawancinsa zaman jira, kuma darakta yana iya ɗage rana yau don gobe. Sannan fim yana da aron hannu: a The Pianist na 2002 Adrien Brody ne a gaban kyamara, amma kiɗan na Janusz Olejniczak ne. A kan dandali babu mai ara maka yatsu. In ka yi wata biyu ba ka taɓa piyano ba, kunnen mai sauraro zai gane.

Wanda na fi ganin ya iya allonsa shi ne Hershey Felder, ɗan Kanada. Maimakon ya raba ƙafa, sai ya haɗe sana'o'in wuri guda: yakan hau dandali shi kaɗai a matsayin Gershwin ko Chopin ko Beethoven, yana ba da labarin rayuwarsu yana kaɗa kiɗansu da hannunsa.

Ni dai da za a ji tawa, fim ɗaya ba zai kashe aikin shekara 12 ba. Ta tambaya kwana nawa za a yi ana ɗauka, a kuma rubuta cikin yarjejeniya cewa za a tanadar mata piyano da lokacin bita. Duk fitowar da za ta iya jawo rauni a yatsa ko wuyan hannu ta ƙi ta. In kuma tana da burin shiga manyan gasa, ta duba kalanda tukuna, domin gasar Chopin ta birnin Warsaw sau ɗaya ake yin ta a shekara 5, kuma tana da iyakar shekaru, wajen 30. Idan ɗaukar fim ɗin ta faɗo cikin watannin shirin gasa, ta nemi a ɗaga mata, in sun ƙi ta haƙura da wannan karon.