Zogale a wajenmu, 'ya'yan muka fi nema ba ganyen ba

Dan uwa na ga tambayarka, wai mu Hausawan Sudan muna shan zogale don furotin dinsa ya kare kwayoyin jiki daga lalacewa kamar yadda ake ta yadawa a waya. To gaskiya ba ta nan muka san shi ba. Mu mutanen Mai Wurno ne, bakin kogin Nilu kusa da Sinnar, kakanninmu sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno dan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yakin Burmi na 1903, kuma abin da ya dame mu tun can shi ne ruwan sha.

Idan damina ta sauka a tsaunukan Habasha, daga Yuli zuwa Satumba, kogin nan jajir yake zuwa da laka, ka debo a jarka ko gindinta ba ka gani. Sai mata su samo busassun 'ya'yan zogale su bare su daka farar kwayar ta yi laushi, a dama da ruwa kadan a tace a kyalle a juye cikin randa, a juya da karfi sannan a hankali, a bar shi awa daya ko biyu, sai ka ga lakar ta dunkule ta kwanta kasa ruwan sama ya yi garau. Furotin din cikin kwayar ne yake wannan aikin, yana da caji kishiyar na lakar shi ya sa yake janyo ta, aikin alam sak amma ba sai ka je kasuwa ba. Wata Bajamushiya, Samia Jahn, ta bi kauyukan Sudan a shekarun 1970 ta ga mata na yi ta kai shi dakin gwaji, daga nan ya bazu duniya.

Shi kuma batun kare kwayoyin jiki, akwai kamshin gaskiya. Iskar da muke shaka tana barin wasu burbushi masu cin kwayoyin halitta kamar tsatsa da karfe, jiki kuma yana da nasa sinadaran da ke share su. Amma yawancin gwajin furotin na tsirrai a kwanon dakin bincike ake yi ko a jikin bera, wanda ka ci da baki kuwa ciki ne zai farfasa shi kamar na wake. Ci kwadon zogalenka, abinci ne mai kyau, kada dai wani ya sayar maka da garin a matsayin maganin komai.

Abin da nake jin tsoro yanzu kwalara ce, tun da yaki ya barke a Afrilun 2023 famfuna da yawa sun tsaya mutane sun koma kogi. Ruwan da zogale ya tace fari ne a ido amma bai kashe duk kwayoyin cuta ba, dole a tafasa ko a sa kulorin, kuma ba a barinsa ya kwana biyu a randa, wanda za a sha ranar shi ake hadawa.